Douglas Melton da ƙwayoyin beta: yawan ambato ne ke nuna gwanin bincike?

Aminu Garba:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan ko na samu sauƙi. Takardun neman ƙarin girma na kai wurin aikinmu, aka dawo mini da su, wai maƙaluna sun kai adadi amma ambaton da wasu masu bincike suka yi musu a cikin nasu maƙalun bai taka kara ya karya ba. Wanda ya miƙo mini fayil ɗin har ya buɗe Google Scholar, shafin intanet mai ƙirga ambaton maƙalu, a wayarsa ya nuna mini shafin wani abokin aikina, ya ce ka ga yadda ake yi. Na koma gida raina a ɓace. Da dare na ce to bari in duba manyan fannin da nake koyarwa, in ga su yaya nasu lissafin yake. Sai na buɗe sunan Douglas Melton na Jami'ar Harvard, mutumin da ya yi fice kan ƙwayoyin beta masu samar da insulin. Ma'aunin h ɗinsa, wato lambar da ke haɗa yawan maƙalu da yawan ambatonsu, ya haura 100, ambato kuwa dubbai bisa dubbai. Amma abin da ya ɗaure mini kai, a cikin maƙalun nasa da aka ambata sau ɗaruruwa akwai wadda shi da kansa ya janye, ya ce sakamakon ba daidai ba ne. Wato kuskure ma yana tara maki. To wannan lamba da ake auna mu da ita, me take aunawa?

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam Malam Aminu. Ku yi haƙuri in katse ku tun da wuri, ni ba 'yar jami'a ba ce, ɗana ne ke da ciwon suga shi ya sa aka sa ni a zauren nan. Waɗannan ƙwayoyin beta a saifa suke ko? Haka wata ta gaya mini.

Dakta Rabi:
A'a Maman Khalifa, ba saifa ba ce, kuma mutane da yawa na yin wannan kuskuren. Saifa tana can gefen hagu, aikinta ya shafi jini da garkuwar jiki. Wannan da muke magana a asibiti fankiriyas muke ce mata, wata doguwar tsoka ce kwance a bayan tumbi. Mafi yawanta ruwan narkar da abinci take yi ta tura hanji. Amma a warwatse cikinta akwai 'yan dunƙule-dunƙule ƙanana kamar tsibirai, kusan miliyan ɗaya a jikin babban mutum, duk da haka ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na tsokar ba. Wani ɗalibin likita a Berlin, Paul Langerhans, shi ya fara ganinsu a 1869, shi ya sa ake kiransu da sunansa. A cikin tsibiran nan ƙwayoyin beta suke, su ke fitar da insulin idan suga ya hau. Akwai kuma ƙwayoyin alfa masu fitar da gulukagon, sinadarin da ke ɗaga suga, idan ya sauka. Irin ciwon Khalifa, nau'i na ɗaya, ƙwayoyin betan ne suka lalace, shi ya sa allura ta zama dole.

Maman Khalifa:
Allah ya saka da alheri Dakta. Ku ci gaba, ina karantawa.

Sani Laburare:
Malam Aminu, tambayarka a bakin aikina ta faɗo, don kullum sai wani ya shigo ofis ya ce in ciro masa lambarsa. Ma'aunin h ba tsohon abu ba ne. Wani masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Jorge Hirsch, shi ya ƙirƙiro shi a 2005. Lissafin mai sauƙi ne: idan kana da maƙala 10 waɗanda kowace an ambace ta aƙalla sau 10, to h ɗinka 10. Kafin shi akwai Eugene Garfield da ya fito da kundin ƙirga ambato na kimiyya a 1964, kuma asalin amfanin abin shi ne mai bincike ya bi sawun wa ya ɗora a kan aikin wa, mu kuma 'yan laburare mu san mujallar da za mu saya. Daga baya ne hukumomi suka mayar da shi sikelin auna mutane.

Kwamfutar da ke ƙirgawa ba ta san dalilin ambato ba. Wanda ya ambace ka don ya yabe ka da wanda ya ambace ka don ya ce ka yi shirme, duk maki ɗaya ɗaya ne. Sannan ka buɗe mutum guda a Google Scholar da sauran kundayen ƙirga ambato, Scopus da Web of Science, lamba uku daban za ka gani, domin kowanne da irin abin da yake tattarawa.

Injiniya Bashir:
Ni fa ban yarda a yi wa lambar nan rubdugu ba. Kafin a fara duba ta me ake yi? Wa ka sani, wa ya san ka. Na ga wanda ya hau kujera da maƙalun da aka buga a mujallar da ba ta fita daga harabar makarantarsu ba. Aƙalla yanzu yaro ɗan talaka da ba shi da kowa zai iya cewa ga aikina, ga mutane a Indiya da Jamus sun yi amfani da shi. Kuma shi Melton ɗin da kuka kawo, ai lambarsa ba ƙarya ta yi ba. Mutumin babba ne, lambar ma babba ce. Maƙala ɗaya da ta lalace a cikin ɗaruruwa ba ta rushe sikelin.

Baba Farfesa:
Bashir, maganarka tana da ƙamshin gaskiya, zan dawo kanta. Amma bari in ba ku tarihin mutumin, don Aminu lamba ya gani, bai ga hanyar da aka bi ba.

Melton ba da fankiriyas ya fara ba. Masanin yadda ɗan tayi ke ginuwa ne, kuma da ƙwan kwaɗo yake aiki. A Kambirij ta Ingila ya yi digirinsa na uku a ƙarƙashin John Gurdon, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2012. Ɗaya daga cikin maƙalunsa da aka fi ambata ta 1984 ce, kuma ba ruwanta da ciwon suga. Hanya ce ta haɗa RNA, sinadarin da ke ɗaukar saƙon ƙwayoyin gado, a cikin kwalbar gwaji da wani sinadari da ake kira SP6. Duk wanda ya yi amfani da hanyar sai ya ambace shi, ko a kan ƙuda yake aiki ko a kan masara. Haka maƙalun koyar da dabarar aiki suke, kamar mai sayar da gishiri ne, kowace tukunya sai ta neme shi. Maƙalar da ta yi shekaru tana kan gaba a yawan ambato a duniya, ta Oliver Lowry ce ta 1951 kan yadda ake auna furotin, an ambace ta fiye da sau 300,000. Mu kanmu mun ambace ta a zamaninmu.

To a 1991 aka gano jaririn Melton, ɗan wata shida, yana da ciwon suga nau'i na ɗaya. Daga baya 'yarsa ma ta kamu. Mutumin ya ajiye kwaɗi, fannin da ya riga ya yi suna a ciki, ya koma ɗalibi a kan fankiriyas. Duk wanda lamba ce gabansa ba zai yi haka ba, domin sauya fanni yana nufin shekaru na shiru.

Daga nan ayyuka uku nake so ku riƙe. A 2004, a mujallar Nature, shi da Yuval Dor suka nuna cewa a jikin babban ɓera sababbin ƙwayoyin beta daga tsofaffin suke fitowa ta hanyar rabuwa biyu, ba daga wasu ɓoyayyun ƙwayoyin asali ba, wato ƙwayoyin da ke iya rikiɗa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki, kamar yadda da yawa ke fata. A 2008, shi da Qiao Zhou suka cusa ƙwayoyin gado uku, Ngn3 da Pdx1 da Mafa, cikin ƙwayoyin da ke yin ruwan narkar da abinci, suka juya su suka koma masu kama da beta a cikin ɓera mai rai. Sai 2014, a mujallar Cell, tare da Felicia Pagliuca da Jeffrey Millman da sauransu, suka fitar da matakan da ake bi a mayar da ƙwayoyin asali na ɗan Adam su zama ƙwayoyin beta masu jin hawan suga, miliyoyi a tulu ɗaya.

Aminu Garba:
Ranka ya daɗe, wadda aka janye fa? Ita ce ta hana ni barci.

Baba Farfesa:
Ita ce ta 2013, a Cell, shi da Peng Yi. Sun ba ɓeraye wani magani mai toshe aikin insulin, suka ga ƙwayoyin beta suna ta hayayyafa. Suka bincika me ya ƙaru a jiki a lokacin, suka tarar da wani furotin da hanta da kitse ke fitarwa, suka raɗa masa suna betatrophin, suka ce shi ne ke sa ƙwayoyin yaɗuwa. Jaridun duniya suka ɗauka, har ana cewa wata rana allura ɗaya a wata za ta wadatar. A 2014 masu bincike na kamfanin Regeneron suka cire ƙwayar gadon da ke samar da wannan furotin gaba ɗaya daga ɓeraye, ƙwayoyin beta suka ci gaba da hayayyafa kamar ba abin da ya faru. Ka ga an kama bakin zaren.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da nake girmama Melton. Ya ƙara yawan ɓerayen ya sake gwaji, ya rubuta a fili cewa sakamakon ya yi rauni. Bai tsaya nan ba, ya haɗa kai da Jake Kushner na kwalejin likitanci ta Baylor, wanda shi ma bai samu sakamakon ba, aka yi gwajin da mai ƙirga ƙwayoyin bai san wane ɓera aka ba me ba. Aka buga a 2016, babu wani tasiri. A farkon 2017 sanarwar janye maƙalar ta fito a Cell. Furotin ɗin yana nan, ANGPTL8 ake kiransa, amma aikinsa a kan kitsen cikin jini ne.

Sani Laburare:
Kuma a tsakanin nan an yi ta buga maƙalu a ƙasashe daban-daban, ana auna betatrophin a jinin masu ciwon suga da masu juna biyu da masu ƙiba, kowa yana ambaton ta 2013 a gabatarwarsa. Bayan janyewar ma ba a daina ba, domin mutane da yawa kwafo jerin manazarta suke yi daga maƙalar wani ba tare da sun buɗe asalin ba. Wanda ya sauke ta a kwamfutarsa tun 2013, kwafinsa ba shi da tambarin janyewa.

Injiniya Bashir:
To ai kun ga, kimiyya ta gyara kanta, kuma waɗanda suka gyara ɗin su ma an ambace su. Ina matsalar?

Hadiza Lawal:
Yaya Bashir, matsalar ita ce ba a ambace su daidai da yadda aka ambaci kuskuren ba. Maƙalar da ta ce mun gano sabon abu tana shiga babbar mujalla da labaran rediyo. Wadda ta ce mun sake gwadawa ba mu ga komai ba, sai ta sha wuya kafin ta samu mai buga ta, alhali aikinta ya fi wahala.

Bari in gaya muku yadda aikin yake a hannu, don ni a kansa nake digirina a nan Kanada. Idan zan ciro tsibiran Langerhans daga ɓera, sai in nemo bututun matsarmama, siririn abu kamar zaren ɗinki, in soka masa allura a ƙarƙashin madubin ƙara girma, in tura ruwan da ke narkar da tsoka har fankiriyas ta kumbura. Hannu ya ɗan karkace, bututun ya fashe, ɓeran ya tafi a banza. Bayan an narkar an wanke, sai in zauna da ɗan bututun tsotsa ina tsinto tsibiran ɗaya bayan ɗaya daga cikin tarkace, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Akwai rinin da ake sa musu, dithizone, yana kama sinadarin zinc da ke cikin ƙwayoyin beta, sai ka gan su jajur kamar an watsa barkono a ruwa. Ɓera ɗaya in an yi sa'a a samu ɗari biyu ko sama kaɗan. Na yi wata bakwai ina gwada wani sinadari da muke zaton zai kare su daga mutuwa. Bai kare ba. Wannan wata bakwai ɗin babu inda zai fito a Google Scholar, amma ya hana ɗalibin da zai zo bayana ɓata nasa lokacin.

Sannan akwai abin da Baba ya taɓo ban so ya wuce. Ku lura sunayen da ya kira: Dor, Zhou, Yi, Pagliuca. A fanninmu sunan farko na wanda ya yi aikin da hannunsa ne, na ƙarshe na mai ɗakin gwajin ne, wanda ya nemo kuɗi ya tsara tambayar. Mai babban ɗaki yana da mutum ashirin ko fiye suna aiki, kowace maƙala sunansa na ciki. Malam Aminu shi kaɗai ne, ga aji mai ɗalibai ɗaruruwa, ga wutar da ba ta tsayawa. A ɗora su a sikeli ɗaya ba adalci ba ne.

Baba Farfesa:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Kuma a ƙara da wannan: maƙalar Melton ta 2014 ɗin ma, ta mayar da ƙwayoyin asali su zama beta, ba shi kaɗai ya isa wurin ba. Makonni kaɗan kafin tasa, Timothy Kieffer na Vancouver da Alireza Rezania sun buga tasu hanyar a Nature Biotechnology. Dukkansu kuma sun tsaya ne a kan aikin kamfanin Novocell, wanda ya koma ViaCyte, na 2006 da 2008. Can baya kuma akwai James Shapiro a Edmonton, wanda a 2000 ya dasa wa mutum bakwai tsibiran da aka ciro daga mamata suka daina allura, shi ya nuna dashen yana aiki, sai dai masu bayarwa ba su isa ba. Amma sunan Harvard yana da nauyi, marubuci mai sauri zai ambaci wanda ya fi ji.

Malam Nura:
Ina da tambaya ta gefe. Waɗannan ƙwayoyin asali daga ina ake samo su? Na ji an ce daga ɗan tayi. In haka ne akwai magana.

Hadiza Lawal:
Malam, iri biyu ne. Akwai waɗanda aka samo daga ƙwan da aka haɗa a asibitin masu neman haihuwa, mai kwana biyar ko shida, wanda ya yi saura ba a dasa a mahaifa ba, da izinin ma'auratan. A Amurka ma an yi rigima sosai a kai, har Shugaba Bush ya taƙaita kuɗin gwamnati a 2001, shi kuma Melton ya samar da zuriya 17 ta waɗannan ƙwayoyin da kuɗin da ba na gwamnati ba a 2004 ya riƙa raba wa masu bincike kyauta. Iri na biyu kuwa ba ruwansa da ɗan tayi. Shinya Yamanaka na Japan ya nuna a 2006 da 2007 cewa ana iya ɗaukar ƙwayar fatar babba a mayar da ita ta asali. A 2024 masu bincike a Sin sun ba da rahoton wata mata da aka yi wa tsibirai daga ƙwayoyin jikinta, ta daina allura. Hukuncin na farkon ku malamai za ku faɗa mana, ni bayanin yadda abin yake kawai na kawo.

Malam Nura:
Na gode, ya isa in kai wa waɗanda suka fi ni sani.

Maman Khalifa:
Don Allah ni ku amsa mini abu ɗaya. Duk wannan ƙirge-ƙirgen, an warkar da wani? Khalifa shekararsa tara, tun yana da biyar muke allura. Shekaranjiya da misalin ƙarfe biyu na dare na ji numfashinsa ya canja, na taɓa shi gumi sharkaf, jiki yana rawa. Babu wuta, da fitilar waya na soka masa yatsa, na ga lamba ta faɗi ƙasa warwas. Na jiƙa suga a kofi ina ɗura masa da cokali ina kiran sunansa har ya buɗe ido ya ce Umma yunwa nake ji. Ban sake runtsawa ba sai asuba. Insulin ɗinsa a kwalba nake sawa in rufe, in ajiye a jikin randa inda yashi ke da laima, don firjinmu ya zama kabad. In akwai magani ku gaya mini, ko gona ce za mu sayar.

Dakta Rabi:
Maman Khalifa, Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki. Abin da kika yi daren nan daidai ne tunda yana iya haɗiya, amma ki kawo mini littafin awonsa a duba allurar dare, kada a jira ranar asibiti. Kuma kada ki sayar da komai, duk wanda ya ce miki yana da maganin warkewa a yanzu kuɗinki yake so.

Ga gaskiyar inda aka kai. Melton ya kafa kamfani mai suna Semma, ya haɗa sunayen 'ya'yansa biyu ne. A 2019 kamfanin Vertex ya saye shi a kan dala miliyan 950. A 2021 aka fara ɗura wa mutum na farko ƙwayoyin beta da aka yi daga ƙwayoyin asali ta jijiyar da ke shiga hanta. A 2025 aka buga sakamako a New England Journal of Medicine: cikin mutum 12 da suka samu cikakken adadi, 10 sun daina allurar insulin bayan shekara guda. Wannan babban abu ne, ban taɓa zaton zan gan shi da raina ba. Amma duk manya ne masu fama da mummunar faɗuwar suga, kuma dole su riƙa shan magungunan danne garkuwar jiki don kada jiki ya kashe ƙwayoyin. Magungunan nan suna buɗe ƙofa ga cututtuka, an ma rasa mutum biyu a cikin gwajin, ɗaya ta dalilin sanƙarau na fungus. Yaro kamar Khalifa, allura ta fi masa aminci a yau nesa ba kusa ba. Abin da ake nema yanzu shi ne yadda za a ɓoye ƙwayoyin daga garkuwar jiki ba tare da waɗannan magunguna ba.

Issoufou na Maraɗi:
Hajiya, batun randa kada ki ji kunya, a nan ma haka mutanenmu ke yi. Ni mai sayar da magani ne. Ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva sun yi gwaji da irin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, aka buga a 2021, suka ga kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu ko da zafi na hawa da sauka tsakanin 25 da 37. Ki dai kiyaye rana, kada ruwa ya taɓa bakin kwalbar, kada kuma a sa ta cikin ƙanƙara. Malam Aminu, ka duba wannan maƙala ka ga ambatonta, ba za ta kama ƙafar ta betatrophin ba. Amma ni ita nake buɗe wa iyaye a kanti.

Injiniya Bashir:
Na ji, kuma jikina ya yi sanyi da labarin Khalifa. Amma har yanzu ba wanda ya ba ni madadin. Kwamitin ƙarin girma mutum nawa ne, fayil nawa ne a gabansu? In an cire lamba, son kai zai dawo.

Baba Farfesa:
Ban ce a cire ba, Bashir. Na zauna a irin kwamitin nan shekaru, na san nauyinsa. A 2012 wasu editoci da masu bincike sun haɗu a San Francisco suka tsara sanarwar da ake kira DORA, jigonta shi ne a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga, a karanta aikin. Abin da na riƙa roƙo a namu zaman shi ne kowane mai nema ya zaɓo maƙala uku ko biyar da ya fi alfahari da su, ya rubuta a shafi ɗaya me ya gano kuma me ya yi da hannunsa, a aika wa masanin fannin a waje ya karanta. Lambar ta zo a gefe a matsayin shaida ɗaya. Ban yi nasara ba, an ce zai ci lokaci. Abin da na gani da idona bayan an jingina komai a kan lamba shi ne sa sunana in sa naka, ambace ni in ambace ka, maƙala guda a yanka ta uku, da biyan kuɗi ga mujallun da ke karɓar komai cikin kwana huɗu. Yaran kirki ne suke yi, don sun ga abin da ake saka wa.

Aminu Garba:
Wallahi Baba an kawo mini wannan tayin, mu biyar kowa ya riƙa sa sunan sauran. Na ce zan yi tunani, kuma da na shigo zauren nan ban gama yanke shawara ba. Yanzu na yanke, ba zan shiga ba. Amma ina so in yi aikin da zai amfani irin su Khalifa, kuma ba ni da ɗakin da zan raini ƙwayoyin asali.

Dakta Rabi:
Ba ka buƙatarsa. Akwai tambayoyin da mu ne muke zaune a kansu. A 2025 an buga wani bincike a Lancet Diabetes and Endocrinology da Jean Claude Katte ya jagoranta, a kan yara da matasa a Kamaru da Uganda da Afirka ta Kudu da aka ce suna da nau'i na ɗaya. Kusan kashi biyu cikin uku ba su da alamun da ke nuna garkuwar jiki ce ta kai wa ƙwayoyin beta hari, alamun da ake samu a yawancin yaran Turai. Insulin ɗinsu ya yi ƙasa, amma dalilin daban ne. A shekarar kuma Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta amince da nau'i na biyar, mai alaƙa da rashin abinci mai gina jiki tun yarinta. Ka dubi yawan yaran da tamowa ta taɓa a yankinmu. Me ya sami fankiriyas ɗinsu bayan shekara goma? Ni ina da yara a asibiti da fayil ɗinsu, ba ni da lokacin zama in tsara bincike. Kai kana da ilimin aikin jiki da ɗalibai.

Hadiza Lawal:
Malam Aminu, in kun samu izinin kwamitin ɗa'a da yardar iyaye, awon C-peptide shi zai nuna ko ƙwayoyin beta na yaro suna sauran aiki. Zan tambayi shugabar ɗakinmu ko za a iya taimakawa da awon alamun garkuwar jikin, ban yi alkawari ba sai na ji daga bakinta. Abin da zai fi ba ku wuya shi ne ajiye jinin cikin sanyi, ku fara da neman firiza mai sola.

Sani Laburare:
Ni kuma gobe in Allah ya kai mu zan tura maka maƙalar Katte da ta Geneva, da sanarwar janye ta 2013 don ka nuna wa ɗalibanka yadda ake rubuta ta.

Aminu Garba:
Na gode ƙwarai. Dakta, ranar Laraba bayan azahar ba ni da aji, zan shigo asibitin.

Maman Khalifa:
Dakta ni ma Larabar zan kawo littafin awon. In za a ɗebi jinin yara don binciken nan, a rubuta Khalifa, sai dai a bari in gaya wa babansa tukuna.